Daga Kasabalanka zuwa Agadir a kan babbar hanya

Makon jiya na bi babbar hanyar Maroko daga Kasabalanka zuwa Agadir, har yanzu abin bai fita raina ba. Tafiyar kilomita sama da 400 ce, amma bayana bai yi ciwo ba. Bayan mun wuce Marakesh hanya ta fara hawa duwatsun Atlas, nan ne na yi shiru ina kallon ikon Allah da aikin ɗan Adam. A 2010 aka buɗe wannan ɓangaren.

Ana biyan kuɗi a shingaye, da dirhami, kuma wallahi mutum yana ganin inda kuɗin ke tafiya.

Direbanmu ya ce ƙasar na da irin waɗannan hanyoyi kusan kilomita 1,800, kuma ana son su kai 3,000 nan da 2030, shekarar da Maroko za ta karɓi gasar cin kofin duniya tare da Sifen da Fotugal. Har da sabuwar hanya tsakanin Rabat da Kasabalanka, don tsohuwar ta cika maƙil.

Fatana dai a tuna da ƙauyukan da na hango can saman duwatsu, nesa da kwalta.