Jakin da Aka Karɓa Ranar Sallah Yana Cin Harawa Har Bayan Layya

A ƙarshen shekarar 2022 ni da abokaina uku muka kafa wata 'yar rumfa a bayan garinmu domin jinyar dabbobin da masu su suka yasar. Yawancinsu jakunan ɗiban yashi ne waɗanda akumari ya ci musu baya har ya zama gyambo, sai wani tsohon doki da ya gurgunce, da kyanwoyi da ba mu taɓa sanin adadinsu ba saboda wasu na zuwa wasu na tafiya. Na karanta kiwon lafiyar dabbobi, don haka wanke miki da yin allura ba su ba ni tsoro ba. Neman kuɗin ciyar da su ne ya nuna mini iyakar wayona, kuma tunda na ga ƙannena da yawa sun fara sha'awar irin wannan aiki, gara in faɗa muku inda na yi tuntuɓe tun kafin ku iso wurin.

Na fara ne da karanta yadda gidajen kula da dabbobi na Ingila da Amurka suke samun kuɗi. Na ga yadda suke dogara da ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti, da yadda wani gidan jakuna da ke Sidmouth a Ingila, wanda Elisabeth Svendsen ta kafa a 1969, yake ba mutum damar ɗaukar nauyin jaki guda ya miƙa takardar shaidar hakan a matsayin kyauta ga ɗan'uwansa. Sai na ce ai mu ma muna da lokacin da hannu yake sakewa, wato azumi da Salla Ƙarama da Babbar Salla. Wannan lissafin daidai ne. Kuskuren shi ne na ɗauko salon roƙonsu ɗungurungum ban tsaya na tambayi kaina ba me Bahaushe yake bayarwa a waɗannan kwanaki, da wane suna yake bayar da shi, kuma wa yake ganin ya cancanta.

Da azumin 2023 ya kama, na buga takarda mai hoton jaki na rubuta a ƙasa cewa a kawo zakka a taimaki bayin Allah marasa baki. Ban kwana uku ba limamin unguwarmu ya aika a kira ni. Bai yi mini faɗa ba, ya dai zaunar da ni ya ce, "Ɗana, ka san waɗanda Allah ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba?" Ya lissafo mini su takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, babu jaki a ciki, babu rumfar jaki. Ya ƙara da cewa zakkar fidda kai ma abincin miskinai ce, ba ta da hanyar zuwa turke. Daga nan ya tuna mini da abin da ya kamata tun farko in kafa roƙona a kai: hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da faɗar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa akwai lada a kan kowace hanta mai danshi. Ƙofar sadaka a buɗe take, ni kuwa na je ina ƙwanƙwasa wadda ba tawa ba. Na cire takardun, amma magana ta riga ta zaga gari cewa wasu yara 'yan boko suna so su raba zakka da jakuna, kuma na ɗauki watanni ina wanke wannan suna. Duk abin da za ku rubuta wanda ya taɓa addini, ku kai wa malami ya duba kafin ya je wurin mai buga takarda.

A wannan shekarar ce kuma aka sha wahalar takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Asusun katako da na ajiye a shagunan unguwa suka zama abin dariya, domin wanda ya kwana a layin banki ba zai jefa abin da ya samo a akwatin jaki ba. Da na ga haka sai na sa lambar asusuna na banki a WhatsApp da Facebook, wanda albashina yake shiga, wanda kuma daga cikinsa nake sayen cefane. Ban ci ko kwabo na kowa ba, Allah ne shaida, amma ranar da wani ɗan kasuwa da ya ba mu gudummawa mai kauri ya tambaye ni nawa aka tara kuma nawa ya rage, sai na tsinci kaina ina lalube a cikin saƙonnin banki ina ƙoƙarin raba kuɗin dusa da kuɗin man babur ɗina. Bai zarge ni ba, bai kuma sake ba mu komai ba. Tun daga nan muka fara bin hanyar yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni, muka buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kowane ƙarshen wata muna liƙa lissafi a ƙofar rumfa, har da kuɗin sabulu da igiya. Aikin yana da gajiyarwa, kuma mutane kaɗan ne suke tsayawa su karanta, amma waɗannan kaɗan ɗin su ne suke faɗa wa sauran.

Duk da haka, a goman ƙarshe na azumi kuɗi sun shigo fiye da yadda muka zata, kuma a nan ne na tafka kuskuren da har yau yake damuna. Na dubi abin da ke hannu na ɗauka haka za a ci gaba. Duk wanda ya zo da jaki mai ciwo sai in ce a ɗaure shi, har dabbobinmu suka ninka cikin mako biyu. Ban yi lissafin cewa jakin da aka karɓa ranar Salla zai ci harawa gobe da jibi da wata mai zuwa ba, alhali mai bayarwa ya riga ya koma kan ɗinkin yara da kuɗin makaranta. Ban kuma lura da wane lokaci na shekara muke ciki ba. Sallar ta zo ne a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, harawar wake da ta gyaɗa da aka adana tun kaka ta kusa ƙarewa, sannan ga masu kiwon ragunan layya suna rububin abin da ya rage a kasuwa, suna sayen dusa da ƙowa ko nawa aka ce musu, domin sun san za su fanshe a kan rago. Mu da ba ma sayar da komai, muka shiga gasa da su. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin dakon dami daga ƙauye ya tashi, kuma kafin Babbar Salla ta zo a ƙarshen Yuni asusunmu ya bushe.

Na rage wa dabbobin abinci ina cewa na 'yan kwanaki ne. Miki ba ya warkewa a jikin da ba ya ƙoshi, wannan kuwa abu ne da na sani tun a aji, amma na rufe ido. Wata tsohuwar jaka da gyambonta ya fara haɗewa ta koma baya, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Da na bar ta a hannun mai ita, wataƙila da ya sake ta ta yi kiwo a bakin fadama ta rayu. Na karɓe ta ne don tausayi, kuma tausayin nawa bai zo da buhun dusa ba.

Da Babbar Salla ta zo muka ce bari mu gwada fatun layya, tunda ƙungiyoyin addini sun daɗe suna tattara su don ayyukan alheri, kuma mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa amma yana iya bayar da ita sadaka. Mutane sun ba mu, musamman maƙwabta da suka ga wahalarmu. Sai dai ba mu tanadi gishiri ba, ba mu yi magana da dillalin fata tun da wuri ba, muka jibge su a ɗaki ɗaya cikin damina muka tafi yawon Salla. Kwana biyu bayan nan wari ya hana kowa shiga, gashi yana zuba, fiye da rabi sai rami muka haƙa musu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai karɓi fata ya sayi gishirinsa mako guda kafin Salla, ya sami inuwa mai iska, ya shafe kowace fata a ranar da aka feɗe ta, ya kuma tabbata bai shiga gonar wata ƙungiya da ta saba karɓa a wannan unguwa ba, domin rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin fatar.

Abin da ya cece mu daga baya ba shi da wani ƙyalli. Mun gane cewa manomi da ba zai iya ba ka naira dubu ba zai ba ka damin harawa biyu da kaka yana murna, don haka yanzu roƙonmu mafi girma a watan Nuwamba muke yinsa, mu bi ƙauyuka da amalanke mu cika rumbu. Azumi da Salla kuma mun mai da su lokacin neman alkawari. Idan mutum ya miƙo kuɗi mai yawa mukan gode masa, sannan mu roƙe shi ya yarda ya riƙa turo wani abu kaɗan duk wata har shekara ta zagayo, ko da kuɗin kwanon dusa ne. Mutum ashirin masu irin wannan alkawari sun fi mana amfani a kan attajiri ɗaya na daren ashirin da bakwai. Masu dawakin hawan Salla ma sun zama abokan hulɗa: kafin hawa mukan zaga bargoginsu mu duba kofato, mu ba da maganin tsutsar ciki, su biya kuɗin aiki, ribar ta tafi rumfa. Wannan ciniki ne, ba bara ba, kuma ya fi daɗi ga kowa. Yara kan zo da goron Sallarsu su ce a saya wa kyanwa madara. Mukan karɓi kaɗan mu mayar musu da saura, don kada iyaye su ce mun yi musu wayo.

Za ku sha jin tambaya guda, kuma kada ku yi fushi da mai yinta: mutane suna kwana da yunwa, ku kuna ta jaki? Da farko gardama nake yi, ina kawo hadisai kamar mai wa'azi. Yanzu nakan ce wa mutum ya zo ya ga mai jakin. Jakin ɗiban yashi shi ne jarin gida guda, ranar da ya kwanta tukunya ba ta hawa murhu, kuma sayen wani ya yi wuya tun da cinikin fatar jaki zuwa Sin ya rage yawansu, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Shi ya sa muka daina nuna hotunan miki da ƙuda, waɗanda suke sa mutum ya kau da kai, muka koma nuna jakin da ya warke ya koma hannun mai shi da sabon akumari mai laushi, bayan mun nemi izinin mutumin.

A azumin da ya wuce wani dattijo ya jawo jakinsa har ƙofar rumfa, bayansa duk ya ɗaye. Na shiga rumbu na ƙirga damin da ya rage, na raba da bakunan da ke turke da watannin da suka rage kafin ciyawa ta fito, lissafi bai kai ba. Na ce masa, "Baba, ba zan iya riƙe shi ba, amma ka bar shi a gida kada ka ɗora masa kaya, ni zan riƙa zuwa." Na wanke mikin a nan bakin ƙofa, na ba shi dami ɗaya ya aza a kansa, kuma duk bayan kwana uku nakan hau babur in je gidansa da magani har aka sha ruwan ƙarshe.