Kada ka tsaya wa ɗan takara da mutuncinka

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka karɓi katin zaɓe kwanan nan, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi, wanda har yau in na tuna shi sai in ji nauyi a ƙirjina.

A zaɓen 2015 ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a garinmu, kuma ina cikin matasan da ke yi wa wani ɗan takarar majalisar wakilai kamfe. Ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba, don wannan ciwo babu jam'iyyar da ta tsira daga shi. Ranar da ya zo unguwarmu an kafa rumfa a ƙofar gidan mai unguwa, an jera kujerun roba, makaɗa na kiɗa, mata na guɗa. Ya karɓi abin magana ya yi mana alkawari uku: rijiyar burtsatse mai sola, sabuwar taransifoma tunda tamu ta kusa shekara da ƙonewa, da gyaran asibitinmu na sha-ka-tafi har da ungozoma mai kwana. Ya ce duk cikin kwana ɗari. Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah. Wallahi na yarda da shi har cikin zuciyata.

Daga ranar na shiga bin gida-gida. Da na je wurin Goggo, yayar mahaifina, na tarar da ita a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na zuba mata bayani tiryan-tiryan. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ban san mutumin nan ba, kai na sani. Ka tsaya masa?" Ko numfashi ban ja ba na ce, "Goggo, na tsaya masa. In bai yi ba, ni za ki kama." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe kwalla, ta ɗauko katinta a naɗe cikin leda ta nuna mini, ta ce shi ke nan.

Ranar 28 ga Maris ta fita tun da sassafe. A wancan zaɓen sai an tantance mutane da safe, sannan a dawo da rana a jefa ƙuri'a. Na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsan Goggo saboda aiki ya cinye zanensa, aka goge, aka sake gwadawa, daga ƙarshe aka cike mata takarda. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta wuni a rana ba don ɗan takara ba, don maganar ɗan ƙaninta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, ta taho da kishiyarta da surukanta biyu.

Mutumin ya ci. Bayan rantsuwa lambar wayarsa ta daina shiga. Taransifoma dai mu muka yi karo-karo gida-gida muka gyara tsohuwar. Burtsatse ta zo a shekara ta uku, da ƙaton allo mai hotonsa, ta ba da ruwa na 'yan watanni, injin ya mutu, ba wanda ya waiwaye ta. Asibiti ko fenti bai gani ba.

Na daɗe ina ɗora laifin duka a kansa. Sai daga baya na zauna na auna nawa, na ga ba ƙarami ba ne. Na yi karatu, ina koyar da yaran mutane, amma ban tsaya na tambayi kaina ba ko abin da yake alkawari yana hannunsa. Ɗan majalisa aikinsa yin doka, da tantance kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu. Ba ya ɗaukar ungozoma aiki. Ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Rarraba wutar lantarki kuwa tun Nuwamba 2013 aka miƙa shi ga kamfanoni masu zaman kansu. Iyakar abin da ɗan majalisa zai iya shi ne ya cusa aiki cikin kasafi a matsayin aikin mazaɓa, wata ma'aikata ta ba da kwangila, in an saki kuɗin. To ta yaya wannan zai yiwu cikin kwana ɗari, alhali kasafin da zai sa hannu a ciki ma na shekara mai zuwa ne? Da na san wannan, tun a ƙarƙashin rumfar nan zan gane cewa ko dai bai san aikin da yake nema ba, ko ya sani yana raina mana hankali. Don haka kafin ka tafa wa kowane alkawari, fara tambaya: wannan aikin na kujerar da yake nema ne?

Sannan ku sani, babu kotun da za ta kama ɗan siyasa don ya saɓa alkawarin kamfe. Kundin manufofin jam'iyya ba yarjejeniya ba ce. Hatta babi na biyu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka yi maganar ilimi kyauta da walwalar jama'a, shi kansa kundin ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta shi. Akwai kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, abin ya ruguje tun a matakin tantancewa. Ke nan ranar zaɓe ce kusan kaɗai ranar da wuƙa da nama suke hannunka. In ka yi sakaci, sai ka jira shekara huɗu.

A saman ma haka abin yake. A 2015 jam'iyyar APC ta yi alkawarin samar da ayyuka miliyan uku a shekara, an kuma yayata batun naira dubu biyar duk wata ga marasa aiki. A farkon 2016 Shugaba Buhari ya fito ya ce shi ba nan ya fi mai da hankali ba, gara a zuba kuɗin a ayyukan raya ƙasa da noma. Adalci ne a faɗa cewa an yi wasu: an fara N-Power, shirin ɗaukar matasa aiki, a 2016 ana biyan naira dubu talatin a wata, an fara ciyar da yaran firamare, an kuma riƙa ba wasu gidaje masu rauni dubu biyar. Amma mu da muke ihu a filin taro ba mu taɓa lissafa ba: mutum nawa, sau nawa, kuɗin daga ina, ga farashin ɗanyen mai ya riga ya faɗi tun ƙarshen 2014? Haka maganar wutar Mambila, da farfaɗo da masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Gwamnatoci daban-daban, na PDP da na APC, sun yi ta ɗauko su lokacin zaɓe suna mayarwa bayan zaɓe. Alkawarin da ka ji mahaifinka yana cewa shi ma an yi masa, ka tambayi mai maimaita shi abin da ya hana na baya, da abin da shi zai yi dabam.

Kada ku ɗauka ina cewa ba a taɓa cika alkawari ba. Tambayi dattawan Kano da Jigawa. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ce za ta soke haraji da jangali, kuma da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a Oktoba 1979 ya soke su, haka ma Balarabe Musa a Kaduna. Dubi siffar wannan alkawari. Magana ce guda, a fili take, tana cikin ikon gwamna, kuma manomi a ƙauye da Bafulatani a ruga kowa zai san an yi ko ba a yi ba, tunda dagaci ko dai ya zo karɓa ko bai zo ba. Kwatanta shi da "za mu inganta rayuwar matasa". Wannan ba ta da kai ba ta da gindi, ba ranar da za ka ce an saɓa ta.

Kuskurena na biyu ya zo ta bayan gida. Da na ƙone a 2015, sai na koma ɗaya gefen, na ce duk maƙaryata ne, na toshe kunnena. Ina ganin wayo ne, ashe wani sakacin ne. A kamfen ɗin 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, kuma a majalisarmu ta bakin titi ba ita ake tattaunawa ba, ana ta batun addini da yanki da ƙarancin sababbin takardun naira. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 a hukumance ba ta haura 500 a Kano da Abuja. Na ajiye babur ɗina na koma tafiya makaranta a ƙafa. An faɗa mana, mu ne ba mu saurara ba, balle mu tambaye su abin da suka tanadar wa talaka kafin cirewa. Tun daga nan na lura cewa magana mai ɗaci da ɗan takara ya faɗa yana neman ƙuri'a ta fi mai zaƙi kusa da aukuwa. Ita ya kamata ka fi kasa wa kunne.

Akwai kuma "sak". Na yi shi, na kuma sa wasu sun yi. Daga sama har ƙasa alama ɗaya, ba ka ma san sunan ɗan majalisar jihar da ka dangwala wa ba. Da yawa sun shige cikin rigar wani babba sun haye, ba don sun taɓa gyara ko kwalbati ba. Ita jam'iyya a ƙasar nan mota ce, in ta lalace ko an hana mutum kujerar gaba sai ya sauka ya hau wata. A Nuwamba 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC, ciki har da Kwankwaso da Wamakko. A 2018 Kwankwaso da Tambuwal da Saraki suka koma PDP. A 2022 Kwankwaso ya tafi NNPP. Shekarau da Atiku su ma kowa ya san sau nawa suka sauya sheƙa. Ban kawo wannan don zagin kowa ba, lissafinsu ne na siyasa. Na kawo ne don na taɓa yin shekara biyu ba na magana da aminina na ƙuruciya saboda musun jam'iyya, har ban je sunan 'yarsa ba, ga shi iyayen gidan namu daga baya sun haɗu a inuwa ɗaya suna cin abinci a faranti ɗaya. Mun shirya, amma ba mu koma kamar da ba.

Batun taliya da atamfa da sabulu, ni da hannuna na raba. Ba zan zagi uwar da ta karɓa don yaranta na jin yunwa ba, na san abin da babu take sa mutum. Amma kai matashi yi lissafi: naira dubu biyar in ka raba ta a kan shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Kuma wanda ya kashe miliyoyi wajen sayen wakilai a zaɓen fid da gwani da sayen ƙuri'a a rumfa, jari ya zuba. In ya hau, uwar kuɗi da riba zai fara nema, kuma daga kuɗin asibitinku za su fito.

Ga abin da nake yi yanzu, nake kuma roƙon ku gwada. Duk ɗan takarar da ya zo, ina ɗaukar maganarsa a waya, in koma gida in rubuta a littafi da kwanan wata. In an ba da damar tambaya, ina tashi cikin ladabi in ce, "Ranka ya daɗe, nawa aikin zai ci, daga wane asusu, kuma zuwa yaushe?" Mai gaskiya zai amsa, ko ya ce wannan ba ya hannunsa. Mai yaudara zai koma zagin abokin hamayya, ko yaransa su taso da ihu. Na fi kuma duba bayansa fiye da bakinsa. Yawancinsu sun taɓa riƙe wani abu, kansila ko ciyaman ko kwamishina ko shugaban wata ƙungiya. Je ka unguwarsu ka tambayi maƙwabta da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. In yana kan kujera yana neman tazarce, kasafin kuɗin tarayya yana intanet, shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bibiyar ayyukan mazaɓu, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta takarda ka nemi bayani. In ka gamsu da mutum, yi masa kamfe, ba laifi. Amma faɗa wa mutane, "Ga abin da ya ce, ga abin da na gani a aikinsa na baya, ku auna." Kada kalmar "na tsaya masa" ta fita daga bakinka a kan abin da ba ya hannunka.

A 2015 kusan kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2019 ya sauko wajen kashi 35, a 2023 bai kai kashi 30 ba. Duk lokacin da na ga waɗannan alƙaluma, Goggo nake tunawa, don na san yadda aka yi ɗaya daga cikin waɗanda suka daina fita ta daina.

Ana saura kwanaki zaɓen 2019 na je gaishe ta. A cikin shekaru huɗun nan ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, ko daren da aka ɗauki surukarta a bayan a-kori-kura zuwa asibitin cikin gari tana naƙuda. Na durƙusa na ce, "Goggo, na zo ba ki haƙuri ne. Na ce ki kama ni, ga ni." Ta yi shiru, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ɗan nan." Na tambaye ta ko za ta fita wannan karon. Ta ce katin yana nan cikin kwalla, amma gwiwarta ba za ta iya layi ba. Na ce zan kawo babur in kai ta in dawo da ita. Ta girgiza kai, ta jawo tiren gyaɗarta gabanta.