Mako na Shida da Sol'Ex: Ƙwayar Ƙura Ɗaya Ta Ɓata Mini Rana

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Jiya da hantsi Allah ya nufa na ga harsunan wuta biyu a gefen rana, a hoton da na'urar hannuna ta ɗauka. Na daɗe zaune ina kallonsu.

Ga sababbin zuwa, abin da nake haɗawa shi ne Sol'Ex, na'urar ɗaukar hoton rana wadda Christian Buil na Faransa ya tsara domin masu sha'awa irinmu. Haske yana shiga ta wata siririyar tsaga mai faɗin maikiron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), ya faɗa kan gilashi mai zane 2400 a kowace milimita, ya bazu launi-launi kamar bakan gizo. A cikin jan akwai baƙin layin haidirojin, a nanomita 656.3 (ma'aunin tsawon zangon haske). Shi muke farauta, don ta nan ake ganin kuromosfiya, wato siririn sararin da ya lulluɓe fuskar rana. Sai ka sa madubin hangen nesa ya ratsa faifan rana sannu-sannu, kyamara tana ɗauka, manhajar INTI ta jera yanka-yankan su zama hoto guda. Dabarar tsohuwa ce, masanin taurari George Ellery Hale ya yi aiki da ita tun farkon shekarun 1890.

Abin da ya ci mini kwana huɗu shi ne wani baƙin zare da ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe. Na zargi kyamara, na zargi waya. Da na kwance na haska tsagar da tocila, sai ga ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ta zauna a bakinta. Duk inda rana ta gifta, wurin a toshe yake, shi ya sa ta ja layi. Robar hura iska ta kore ta. Don Allah kada ku sa yatsa ko tsumma a wurin nan.

Na kuma bar ɗauka ta saman rufin kwano. Da ƙarfe goma ta wuce, zafin kwanon yake sa gefen rana rawa kamar ruwa a tukunya, komai kyan saitinka. Ba banza aka kai madubin hangen rana na Inouye mai faɗin mita 4 kan dutsen Haleakala a Hawai ba, inda iska ba ta cika sa hoto rawa ba. Ni dai yanzu ƙarfe takwas nake fita.

Matatar rage haske tana gaban madubi kullum, kuma ido ba ya leƙawa, kyamara kaɗai. Mako mai zuwa, in sha Allahu, zan juya gilashin zuwa layin kalsiyam a nanomita 393.4.