Godiya bayan jinyar Yaya

Alhamdulillahi, jiya aka sallami Yaya bayan kwana 11 a gadon asibiti. Yanzu yana cin abinci, yana takawa da ƙafarsa.

Mun kai shi ne sugansa ya hau sosai. Aka sa masa ruwa da allurar insulin, suga ya sauka, har muka fara haɗa kaya. Kwana uku bayan haka ina ba shi ruwa sai na ga farin idonsa ya koma rawaya, fitsarin da ke cikin roba kuma ya yi duhu kamar an jiƙa tsatsa. Ko zama bai iya yi sai haki. Jininsa ne ke fashewa a cikin jiki, mu ba mu sani ba.

Godiyata ta farko ga likitar da ta zauna da mu a daren nan, ta ɗauki takarda ta zana mana abin da ke faruwa. Ta ce jan ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, kuma ba ta iya ƙera sabon sinadarin aiki, wato enzayim. Da guzurin da ta fito da shi daga ɓargo take ƙare rayuwarta. Cikin guzurin akwai G6PD, wanda ke samar da abin da ke kare ƙwayar daga lalacewa. Suga kuwa yana shiga jan ƙwayar jini ba tare da jiran insulin ba. Idan sugan ya yi yawa yakan rage ƙarfin G6PD, sannan wani enzayim ɗin ya shiga mayar da rarar sugan zuwa wani sinadari mai suna sorbitol, yana cinye abin kariyar nan. Shi kuma Yaya ashe da ƙarancin G6PD aka haife shi, kamar mutum kusan miliyan 400 a duniya. Ga gado, ga ciwon suga, sai ƙwayoyin suka kasa jurewa.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne batun gwajin HbA1c, wanda ke auna yawan sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini don a san yadda suga ya kasance a 'yan watannin baya. Shekaru muna murna da sakamakonsa, alhali ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa balle suga ya manne musu, sai lambar ta riƙa fitowa ƙasa da gaskiya. Sau nawa na ce masa na'urarsa ta gwajin suga a gida ce ta lalace! Yaya, ka yafe min.

Likita, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara basira. Na gode wa ma'aikatan jinya da ba su gaji da kiranmu ba, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ya sake duba jinin da kansa. Bayin Allah biyu da suka ba da jini, ɗayanku ko fuskarsa ban gani ba, Allah Ya biya ku. 'Yan uwa da abokai da suka yi ta kira da addu'a, Allah Ya bar zumunci.

An canza masa magani, domin maganin suga na glibenclamide da yake sha yana iya fasa jinin mai irin wannan lalura. Bayan wata 3 za a maimaita gwajin G6PD, mu ƙannensa maza ma za mu bi shi a duba mu, tunda ta wajen uwa namiji ke gadonsa. Ku ci gaba da sa shi a addu'a, har yanzu jikin da saura.