Kyautar 2024 ta Rodri ce

Har gobe ina nan kan bakana a fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maradi: Rodri, ɗan wasan tsakiya na Manchester City, ya kamata a ba gwarzon Firimiyar Ingila na 2024, ba abokin wasansa Foden da aka bai wa ba. Na yarda Foden ya zuba ƙwallo 19, Manchester City ta ɗauki kofi na huɗu a jere da maki 91, Arsenal na biye da 89. To amma wasa uku kacal City ta sha kashi a Firimiyar, a hannun Wolves, Arsenal da Aston Villa, duka ukun an dakatar da Rodri. Mai dafa mana shayi, ɗan Arsenal ne na gani-kashe-ni, yana fifita gawayi ya ce: "Wallahi, yaya, ranar da babu shi muka samu sa'arsu."