Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana kan rasuwar Auta

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi na dawo lafiya daga Yukren, an rufe Auta, jiya kuma aka yi addu'ar da Hajiya ta ce a yi. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, barci kuwa bai dawo daidai ba, amma in na ce sai na huta zan yi godiya, nauyinku zai daɗe a wuyana.

Ba sai na maimaita muku ba. Da ku aka yi zaman jira tun da wayarsa ta daina shiga a wajen Bakhmut, garin Yukren inda yake yaƙi, ana tsakiyar ɓarin wuta, kafin Rasha ta karɓe garin a watan Mayun 2023. Kun san yadda takarda ta yi ta cewa ya ɓata, ba rai ba gawa, Hajiya ta ƙi karɓar gaisuwa, kullum waya na ƙarƙashin matashinta. Sai da ɓangarorin biyu suka yi musayar gawarwaki, aka haɗa gwajin DNA da yawun da aka ɗiba a bakinta, sannan muka san inda muka tsaya.

Masu tambayar me ya sa ba a kawo shi gida ba: tun 24 ga Fabrairun 2022 jirgin sama na fasinja bai sake sauka a Yukren ba. Ni kaina a Folan na sauka, na shiga jirgin ƙasa daga Przemysl, aka kwana ana tafiya zuwa Kyiv. Gawa ta riga ta daɗe. Hajiya ce ta yanke magana, ta ce ko'ina ƙasar Allah ce, a gaggauta masa.

Abin da nake so ku sani ya faru ne a hanyar maƙabarta. 'Yan Yukren sun liƙa hotonsa a gaban motar, sun lulluɓe akwatin da tutarsu mai shuɗi da rawaya. Muna ratsa wani ƙauye sai na ga motoci suna tsayawa, mutane na fitowa suna durƙusawa a bakin titi, cikin ƙanƙara da laka. Haka suke yi wa sojansu idan za a wuce da shi. Akwai wata tsohuwa mai sanda, ta girmi Hajiya nesa ba kusa ba. Ta ɗaga kai ta kalli hoton, ta ga baƙar fuska, ta ga ba ɗan garinsu ba ne. Ta daɗe tana kokawa da gwiwarta kafin ta kai ƙasa, wata yarinya ta miƙa hannu za ta riƙe ta, ta ture hannun. Yaron da ko ruwa zai miƙa wa babba sai ya durƙusa, yau tsohuwa ce a ƙasa dominsa. Tun daga gida na daure, ko a ɗakin ajiyar gawa ban yi hawaye ba. A nan ne na kasa. Ban san sunanta ba, ba kuma za ta taɓa ganin wannan rubutu ba. Allah Ya saka mata, Ya tsare mata nata 'ya'yan.

Malam liman, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri. Batatare ne ɗan Kirimiya, daga mutanen da Stalin ya kwashe daga ƙasarsu a 1944, shi ma ya baro gida bayan Rasha ta karɓe Kirimiya a 2014. Shi ya nemo mana wuri a sashen Musulmi, ya duba alƙibla da kansa, ya ja sallar, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Abokan yaƙin Auta sun zo, 'yan Jojiya da 'yan Kolombiya, ɗaya a kan sanduna. Suka yi ta cewa jarumai ba sa mutuwa. Mu dai mun san kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, amma na bar su, hanyar kukansu ke nan.

Gwaggo, wadda ta bar ɗakinta ta tare wajen Hajiya. Kawu ƙarami, da ya biya tikiti bai jira a roƙe shi ba. Abokiyar karatun Auta ta birnin Kharkiv da ta fassara mana kowace takarda, ko da tsakar dare ne. Ma'aikaciyar Red Cross da ba ta taɓa gajiya da kirana ba. Maman yara, ke kin san naki. Allah Ya biya ku da abin da ba za mu iya ba, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya sa kada ku ga irin wannan rana, Ya haɗa ku da masu tsaya muku a inda ba ku san kowa ba.

Akwai kuma waɗanda gidansu bai fi tafiyar ƙafa da na Hajiya ba, ba mu ga ƙeyarsu ba, sai saƙon murya muke ji: me ya kai shi yaƙin da ba nasa ba, ai sojan haya ne. Mun ji. Karatu ya kai shi Kharkiv. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi ta kwana da maƙwabtansa lokacin da ake ruwan bama-bamai, da sauran ɗalibai suka nufi kan iyaka shi ya ce ba zai iya tafiya ya bar su ba. Ni ma ban so ba, na kuma faɗa masa. Niyyarsa tana wajen Wanda ya fi mu saninta. Ko ba don shi ba, Hajiya ta cancanci sannu.

Allah Ya jiƙan Auta, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya dangana, Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Duk wanda yake bin sa bashi, ko na sisin kwabo ne, don Allah ya neme ni kai tsaye, kada a je wa Hajiya da maganar. Masu son gaishe ta kuma a bari sai bayan la'asar, likita ya ce ta riƙa kwanciya da rana.