Daga Amstadam zuwa Gusau: maganar sanyi da icce

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Lafiya lau nake. Kullum tambayarku uku ce: sanyi, abinci, takardun zama. Takardu dai jira ne da cike fom, mu bar su sai wani jiƙon.

Sanyin Holan ba irin hunturunmu ba ne, da ake jin wuta da asuba, hantsi ya dubi ludayi a watse. A nan in babu abin ɗumama ɗaki, barci ma ba ya yiwuwa. Shi ya sa har gobe ba su daina zancen hunturun 1944 zuwa 1945 ba, wanda suke kira hunturun yunwa.

Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, Amstadam na hannun sojojin Jamus. A Satumban 1944 ma'aikatan jirgin ƙasa suka tafi yajin aiki, bisa kiran gwamnatinsu da ke gudun hijira a Landan. Jamusawa suka rama da hana kai abinci yammacin ƙasar. Kwal kuwa a Limburg ake haƙo shi, can kudu, kuma fagen daga ya raba su da shi. Gas ya ɗauke, lantarki ya ɗauke, hanyoyin ruwa suka daskare.

Mutanen nan da yau ko reshe ba ka isa ka karya a titinsu ba, su ne suka bi dare suna sare bishiyoyin unguwa. Suka tone katakon layin taragon cikin gari, suka ƙona kujeru da ƙyamaren ɗakunansu. Abin da ya fi ɗaga mini hankali, gidajen Yahudawan da aka kwashe zuwa sansanonin kisa aka bi ana ɓalle katako, har wasu suka rufta. Kimanin mutum 20,000 ne yunwa da sanyi suka kashe a yammacin ƙasar kafin a 'yantar da yankin a Mayun 1945.

Na san ba ku buƙatar mai gaya muku mene ne rashin makamashi. Tun da shiga daji yin icce ya zama sayar da rai saboda 'yan bindiga, ga gas da kalanzir sun fi ƙarfin talaka, gawayi ma ya bi sahu.

Amma iyayenmu mata, ga wata dabara da matan nan suka yi amfani da ita. Tukunya na tafasa sai a sauke, a rufe ta ruf, a cusa cikin akwatin da aka cika da busasshiyar ciyawa, a danne da bargo. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar. Wake ya fi dacewa da wannan, musamman in an jiƙa shi tun dare, a bar shi ya tafasa sosai kafin a sauke. Ƙaiƙayi ma zai yi. Tuwo kam ban da shi, dole sai an tuƙa.

A gaida mutanen Tudun Wada.